Fangali na Uku

Maigidana ya rasu a tsakiyar damina, kwana goma sha ɗaya bayan mun gama dashen shinkafa. Zazzaɓi ya kama shi ranar Laraba, muka kai shi likita a Tibiri, ranar Asabar aka dawo da shi a lulluɓe. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Abin da nake so in rubuta shi ne abin da ya bari a fadama, da yadda ya kusa lalacewa ina zaune cikin ɗaki.

Ƙauyensu yana bakin fadama, kudu da Tibiri. Hatsi mutane suke nomawa a tudu, a fadama kuma rake da rogo da ɗan lambu. Shinkafa sai a kwarin da ruwa yake kwanciya, kuma ba kowa ke wahala da ita ba, saboda tsutsa. Wani ɗan ƙwaro ne mai fiffike ruwan ƙasa yake saka ƙwai a kan ganye. In sun ƙyanƙyashe, tsutsar ta huda kara ta shige, ta zauna ciki tana ci. Daga waje ba a ganinta. In shinkafar tana ƙarama, sai ka ga ganyen tsakiya ya bushe, na gefe suna kore. In ta girma ta fid da kai, sai kan ya fito fari fat, a tsaye ƙiƙam, babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. In ka ja shi da yatsa biyu sai ya zaro ba gardama, don an riga an cinye gindinsa. Farin kai muke ce masa.

Tun yana saurayi maigidana ya yi shekaru yana aikin lebura a wata gonar gwaji can bakin kogi, wajen Gaya. Shi ne mai jan igiya, mai kafa turaku, mai ɗaukar buhu. Amma yana da ido. Can ya ga yadda ake aurar da shinkafa da shinkafa: a datse bakin ɓawo da ƙaramin almakashi kafin furen ya buɗe, a cire ƴan zaren rawaya da allura, a kaɗa ƙurar furen wata a kai, a rufe da takarda. Da ya dawo gida sai ya ɗauki jar shinkafar da uwarsa take shukawa, mai taurin kara, wadda tsutsa ba ta cika damu ba amma ba ta da auki, ya haɗa ta da wata fara da ya zo da ita daga bakin kogi, mai yawan haihuwa da daɗin tuwo, wadda tsutsa ke so kamar me. Yawancin abin da ya haɗa ɓawo ne ya fito, fanko. Ƴan ƙwayoyi ne suka kama. Su ya yi ta shukawa yana zaɓe, yana zubarwa, damina takwas, har saura iri biyar.

Bai ba su suna ba. Ƙyalle yake ɗaurawa a turken kowane layi: shuɗi, kore, rawaya, baƙi, da wani mai ɗigo-ɗigo da ya yage daga tsohon zanena. Ni na yi lakwal, makarantar boko, har aji shida, don haka ni ce mai kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami. Shi ya faɗa, ni in rubuta.

Yadda yake gwajin nan shi ne abin da mutanen gari ba su taɓa ganewa ba, shi kuma bai taɓa zama ya yi musu bayani ba. Fangali uku yake yi. A kowane fangali akwai irin nan biyar, tushe daidai wa daida, amma sai ya sauya musu wurin zama, wadda take gefe a na farko ta koma tsakiya a na biyu, don kada wata ta ce wuri ne ya cuce ta. Biyu suna maƙwabtaka, na uku yana can bayan rake, shi kaɗai. Sai ya kewaye kowane fangali da farar nan da tsutsa ke so, don ta kira su. Kuma ba ya fesa magani, ko ɗigo. In farin kai ya fara fitowa, sai mu bi layi muna zarewa, mu ɗaure na kowane layi dabam, mu rataya a turkensa. Ƙarshen damina ba sai an yi dogon lissafi ba. Turken da daminsa ya fi ƙanƙanta shi ya ci.

Masu wucewa sukan tsaya a kan kunya su ce, "Malam, bana ma tsutsa kake noma ma?"

Ya ce, "I, baƙi na gayyata. Ku shigo ku gaisa."

Ni kuwa yakan ce mini, "Tsutsar nan ita ce malamin jarrabawa. In kin kashe malamin, duk ƴan aji sun ci, har da daƙiƙai."

Cikin biyar ɗin, mai shuɗin ƙyalle yake so. Doguwa ce, ƙwayarta siririya, in ana dafa ta maƙwabta sukan ji ƙamshi. In ya iso fadama ita yake fara dubawa. A bara ta fi sauran, amma bara tsutsa ba ta yi yawa ba, ya ce ba a yanke hukunci da irin wannan shekara. Duk da haka, ranar da muka gama dashe ya ce in rubuta a kaye, "Shuɗi ce za ta fita." Na ce ai ba a yi jarrabawar ba tukuna. Ya yi dariya ya ce in rubuta dai, shi da ɗiyarsa ne. Na rubuta. Mai baƙin ƙyalle kuwa gajera ce, ganyenta kaushi, ƙwayarta ƙuru-ƙuru. Ya so zubar da ita tun shekara biyu da suka wuce, ya bar ta ne kawai ta cika layi.

Fadamar ba tasa ba ce, ta gandu ce, kuma wansa ke riƙe da gandu. Yaran gida suna ce masa Baba Babba, ni ma haka nake cewa in ya zama dole. Ƴaƴan Baba Babba sun daɗe suna son kwarin nan su sa rake, ya hana su saboda ƙanensa. Mu ƴaƴanmu biyu ne, mata, duk suna gidan aure nesa. Tun ranar sadakar uku na san yadda abin zai kasance. In na fita takaba zan bar gidan, kwarin ya koma rake. Garinmu Dogon Kiriya ne, rairayi da hatsi, babu inda shinkafa za ta tsaya. Wannan damina ita ce ta ƙarshe. In ba a san wadda ta fi ƙarfin tsutsa bana ba, shekara takwas ɗin nan sun tafi, sai dai a dafa biyar ɗin a tukunya ɗaya a ci.

Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kuma lissafin bai yi mini wuya ba: shinkafar za ta yi ciki, ta fid da kai, ta nuna, a yanke ta, duk ina ɗaki. Gwaggon maigidana, ƙanwar ubansu, tsohuwa mai kaifin baki, ita ta zo ta zauna da ni. Ta ba ni wata ƙaramar wuƙa ta ce kada ta rabu da hannuna. Ba kwalli, ba turare, ba ɗaga murya, ba ƙetare zaure.

Ban iya zama ba. Daga ƙofar ɗaki zuwa gindin rumbu taki ashirin da biyu ne, na sani don na taka su har na yi hanya a ƙasa. In hadari ya taso gabas sai in tsaya ina tunanin ko ruwa zai shanye turakun. In an kwana uku ba ruwa sai in fara tunanin na ukun, don shi ya fi tudu. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye ban share ba. Mata suna zuwa gaisuwa, suna cewa in yi haƙuri, ni kuwa ƙafafunsu nake kallo, ko akwai taɓon fadama, in tambaya. Da na tambayi wata ko ta ga ƙyallayen suna nan, sai ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi sama. Na san abin da suka ɗauka. Mijinta ya mutu, ita shinkafa take tambaya. Ban san yadda zan ce musu ba abu biyu ba ne.

Na aika Gwaggo wurin Baba Babba cewa a taimaka da cire ciyawa kawai, kada a yi wani abu. Ni ban iya gaya masa da bakina ba. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kallon idonsa ba. In mun haɗu a hanya nakan ratse in durƙusa, shi ya wuce yana amsa gaisuwa da kai a gefe. Haka ake yi da wan miji, ba gaba ba ce. Abin da Gwaggo ta isar masa, daga baya na ji, shi ne, "Ta ce a kula da gonar."

Kwana huɗu bayan sadakar arba'in, da hantsi, ƙanena ya zo. Yana da shago a Dogon Dutsi, yana sayar da iri da taki da maganin gona. Ya jingine babur a zaure, ya shigo ya zauna a bakin tabarma, muka gaisa. Sai ya ce, fuskarsa a sake, kamar mai kawo albishir:

"Yaya, ki kwantar da hankalinki game da fadama. Baba Babba ya aiko, jiya na aiko mashi da magani mai ƙarhi. Yanzu haka suna can, gayya anka yi, mutum shida. Wallahi ko tsutsa guda ba ta kwana."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Tun yaushe sunka tahi?"

"Tun da raɓa ta ɗauke. Lahiya?"

Na ɗauki mayafi. Gwaggo tana tsinkar zogale a gindin bango, ta ture faranti ta tare ƙofa. Ban taɓa sanin tana da sauri haka ba.

"Ina za ki?"

"Fadama, Gwaggo."

"Fadama! Da takabar? Kin manta tsamiyar da ke bakin kwari, kin manta wa ke cikinta? Mace mai takaba jikinta a buɗe yake, ɗiyata. Doguwa ba ta neman izini."

Ƙanena bai gane abin da ke faruwa ba, amma da ya ji an ambaci doguwa sai ya gyara zama. Ya ce, "Gwaggo, ki bar wanga zance. Addini bai hana mai takaba hita da rana ba in akwai larura. Kuma tsamiya icce ce kawai."

"Kai rufe mini baki, Ustazu! Ku da kunka ɗage wando kunka ɗauka duniya jiya anka yi ta. Icce ce? Je ka kwana ƙarƙashinta in ka isa."

"Ni mi zai kai ni kwana ƙarƙashin icce, ina da ɗaki?"

Na ce masa, "Tashi ka kai ni. Maganin da ka kawo zai kashe aikin mijina."

Gwaggo ta dube ni tsawon lokaci. Ban yi kuka ba, ina jin da na yi da ta riƙe ni ta zaunar. Ta matsa gefe, ta ɗauko wuƙar da na yar a kan tabarma ta cusa mini a hannu. Ta ce, "To riƙe wagga, mai taurin kai. Kada ki dubi tsamiyar."

Tun kafin mu sauka kwari na ji warin, wani wari mai kama maƙogwaro. Mutum biyu suna goye da famfon feshi, sun ɗaure hanci da rawani, sauran suna ɗebo ruwa suna haɗawa. Na farko an gama shi, ganye yana sheƙi. Na biyu saura layi ɗaya. Wani ya tuge turaku biyu ya jefa a kan kunya don suna hana shi tafiya, ƙyallen rawaya yana cikin taɓo. Baba Babba yana tsaye da sandarsa yana nuna musu hanyar da za su bi ta cikin rake zuwa na uku.

Da suka gan ni famfon ya tsaya. Baba Babba bai dube ni ba, ƙanena ya duba.

"Kai, mi ya hiddo ta? Ka ɗauko mace mai takaba bisa babur awa buhun albasa?"

"Baba, ita ta ce..."

"Mai da ta gida."

Na durƙusa a kan kunya, gwiwata cikin laka. Na ce, "Baba, don Allah a bar na ukun."

Wannan ce magana ta farko da na taɓa yi masa kai tsaye. Na ga kunnensa ya motsa, amma bai juyo ba.

"Gaya mata taimako munka zo. Gaya mata mutane na wucewa suna nuna wurin ga da baki, suna cewa ga gonar mamaci tsutsa ta cinye, wansa yana raye. Ni na goye shi a bayana, yaron nan. Yana da rai na bar shi da taurin kansa. Yanzu ba ya nan, ba ni barin a yi mashi dariya."

Muryarsa ta karye a ƙarshen. Sai a lokacin na gane cewa shi ma bai iya zama ba tun ranar Asabar ɗin nan. Ni ina taka tsakar gida, shi yana zuwa nan kullum yana kallon ganye na bushewa.

Na miƙa hannu na yanko wani kara daga farar da ke gefe, wanda tsakiyarsa ta bushe, na tsaga shi da wuƙar takaba. Tana ciki, fara-fara, kanta ruwan ƙasa, tana murɗawa a hankali. Na ɗora ta a tafin hannu na ɗaga.

Na ce, "Wagga yake jira, Baba. Shekara takwas. Bara ba ta zo da yawa ba, bana ta zo. Iri biyar ne a nan, yana so ya san wadda ba ta iya ci. In anka kashe ta, duk biyar ɗin za su yi kyau, kuma ba wanda zai san wacce ce. Baɗi mai shukawa ya ɗauki maras ƙarhi bai sani ba." Sannan na ce, "Shi yakan ce ita ce malamin jarrabawa."

Ɗaya daga cikin masu famfon, abokin wasansa ne tun suna yara, ya sauke rawani daga hancinsa. Ya ce, "Wallahi haka yake cewa. Ni na ɗauka sheri yake mini don na faɗi jarrabawar satifika." Wani ya fara dariya ya haɗiye.

Baba Babba ya daɗe yana kallon rake. Sannan ya ce wa masu famfon, "Ku sauke." Ya ce wa ƙanena, "Gaya mata in ta lalace, ita ta sani." Ya juya ya hau tudu bai yi sallama da kowa ba.

Ƙanena ya tsaya yana jujjuya makullin babur. A hanya ya ce, "Yaya, da na sani." Na ce ba wanda ya sani, laifinmu ne da ba mu faɗa ba.

Daga ranar nake zuwa fadama duk bayan kwana biyu, in fita da hantsi in dawo kafin azahar. Gwaggo ta yi rantsuwa ba za ta sa ƙafa ba. Rana ta farko ina fita zaure na ji ƙarar sandarta a bayana. Ta ce, "In za a yi da ke a bakin rijiya, a yi da mu biyu." Takan zauna a kan kunya, ta ba tsamiya baya, tana mita tana jan carbi. An kuwa yi da mu. Wasu matan sun daina shigowa gaisuwa. Wata ta ce a gabana, ba da ni take ba wai, cewa akwai waɗanda takaba ke yi wa nauyi.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da nake gani in na iso. Dole in wuce ta gefen fangali biyun da aka fesa. Sun fid da kai lafiya, sun sunkuya da nauyi, farin kai sai ɗai-ɗai. Ban taɓa ganin shinkafarmu ta yi kyau haka ba, kuma ba ta gaya mini komai. Sai in ratsa rake in iske na ukun kamar kan tsoho, furfura ko'ina. Masu wucewa suna tsayawa su dubi wancan su dubi wannan, su girgiza kai. Akwai ranakun da na ce a raina ko Baba Babba ne da gaskiya.

Na bi layi ina zarewa, ina ɗaurewa da ganyen kaba, ina ratayawa. Farar gefe ta ƙare tun farko, wannan an sani. Mai ɗigo-ɗigo ta bi ta. Kore da rawaya suna tsaka-tsaki. Mako na farko damin shuɗi ƙarami ne, na ji sanyi a raina. Mako na biyu ya ninka. Na ce ko don tana kusa da farar ne, na buɗe kaye na duba, a tsakiya take, wuri mafi kyau. Na ce ko na haɗa da na maƙwabciyarta, na sake bin layin tushe-tushe. Ban haɗa ba. Ita dai doguwa ce, karanta da faɗi da taushi, tsutsa ta sami ɗaki.

Turken baƙi kuwa, abin da ke rataye a kansa bai cika hannun yaro ba. Tana nan a gajarce da kaushinta, kawunanta sun sunkuya. Na tsaga ƴan karanta in gani. A wasu na iske ramin shiga, amma bai yi nisa ba, karan ya yi ƙunci da tauri.

Ranar zagaye na ƙarshe na gama layin shuɗi da farin kai cike da hannuna. Na tsaya a gaban turken. Gwaggo tana gyangyaɗi. Babu kowa a kwarin sai tsuntsaye. Ruwa yana gudu a hankali a ramin da ke gefen rake, in na buɗe hannu zai tafi da su, babu mai sani. Ko na zubar ba za ta kamo baƙi ba, na san wannan, amma da damin bai yi muni haka ba. Ina so in rage mata kunya ne kawai, ita da shi. Na daɗe a tsaye har ƙafata ta nutse a laka. Na tuna yadda yake sauya musu wurin zama don kada a cuci kowa. Na ɗaure su na rataya. Turken har ya karkata.

Da muka koma gida na buɗe kaye a shafin da ya sa na rubuta ranar dashe. Ban goge maganarsa ba. A ƙarƙashinta na rubuta, "Baƙi ce ta fita, a fangali na uku. Shuɗi ta zo ta huɗu." Na rufe. Ranar ce na yi kukan da mata suka yi ta jira tun farko, kuma babu kowa sai Gwaggo.

Mun yanke na ukun ni da ita da ƙanena, kowane layi dabam, muka sussuke a kan tabarma biyar. Biyun da aka fesa Baba Babba ya sa aka yanke aka kawo gida. Turakun na bar su a tsaye da dammansu, ban iya tugewa ba.

Bayan na yi wankan fita takaba, ana gobe ƙanena zai tafi da ni Dogon Dutsi, Baba Babba ya yi sallama a zaure da la'asar. Ƙanena ya fita, ni na durƙusa daga ciki, bayan zana.

Baba Babba ya ce, "Na ga turakun." Sannan ya ce wa ƙanena, "Tambaye ta, baƙin ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba. Amma fangali ɗaya ba ya isa shaida. Shi uku yake yi."

"Da na bari da an sami ukun."

Na ji yana buga sandarsa a ƙasa a hankali. Ya ce yaransa sun riga sun yi maganar irin rake, ba zai iya sake hana su duka ba. Sannan ya ce, kuma wannan karon bai ce a gaya mini ba:

"Na ukun yana nan. Ki raba shi yadda kika ga dama. Ba mai sa mashi magani in ina numfashi. Amma kada ki ce in zo in ƙirga tsutsa, ni ba malamin lakwal ba ne."

Yanzu ina gidan ƙanena. Irin yana cikin kwalabe biyar a ƙarƙashin gado, da toka a bakin kowace, da ƙyallenta a wuya. Na auna na ukun a kaina ya fi sau ɗari. In na raba shi uku, layukan za su yi gajarta, amma za su shiga. Ƙanena ya ce in shuka baƙi kaɗai in huta, tun da an gani. Na ce sau ɗaya aka gani. Duk biyar ɗin zan mayar, shuɗi ma, in sa ta gefe wannan karon, baƙi a tsakiya.

Jiya na jiƙa tsumma na jera ƙwaya goma-goma in ga ko suna da rai. Yau tun safe na buɗe shi sau uku, ko da yake na san sai an kwana uku kafin su tsaga. Matar ƙanena ta ce in zauna in sha fura. Na zauna, na tashi, na fita ƙofar gida na dubi gabas. Ba hadari tukuna. Na tambayi yaran tasha, sun ce motar Tibiri tana tashi da zarar ta cika.